Sharhi a Kan Gwajin Sadler na Auna Fahimtar Ɗaliban Ƙaramar Sakandare a Fannin Fiziks da Kemistiri

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare ya san irin ɗalibin da zai kawo ma'anar narkewa kamar yadda take a littafi, ba ragi ba ƙari, ya kuma sami cikakken maki. Amma idan aka zuba sukari giram 20 a cikin ruwa giram 200 aka motsa, sannan aka tambaye shi abin da sikeli zai nuna, sai ya ce giram 200, domin a ganinsa sukarin ya ɓace. Amsar kuwa ita ce giram 220. Ke nan makin da ɗalibin ya ci shaida ce ta hadda, amma bai gaya wa malami komai ba game da yadda yaron yake kallon abin da ke faruwa a cikin kofin.

Wannan takarda sharhi ce a kan wata hanya da aka fito da ita a Amurka domin magance wannan matsala, wato gwajin canki-canka wanda ake gina amsoshinsa na ruɗi daga bahaguwar fahimtar da yara suke da ita tun kafin su zo aji. An ɗauki binciken da Philip Sadler da abokan aikinsa suka buga a shekarar 2013 a matsayin abin nazari. Ra'ayin takardar shi ne cewa tushen hanyar ingantacce ne, ya kuma cancanci masu tsara manhaja su yi koyi da shi. Sai dai fassara tambayoyin ko kwaso su yadda suke ba zai auna fahimtar yaron da yake tunani da Hausa ba, sai an sake gina su daga bakin yaranmu.

2.0 Asalin Wannan Hanya ta Gwaji

Tun cikin shekarun 1920 Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan, ya riƙa zama da yara ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambayoyi a kan rana da gajimare da inuwa. Daga baya ya nuna cewa ƙaramin yaro yakan ɗauka cewa curin yumɓu ya sauya nauyi idan aka mulmula shi ya yi tsawo, alhali ba a ƙara ko rage komai ba. A shekarar 1978 Rosalind Driver da Jack Easley suka ja hankalin masana cewa irin waɗannan amsoshi ba shirme ba ne, tunani ne mai tsari wanda yaro ya gina daga abin da yake gani yau da kullum. Haka kuma Roger Osborne da Peter Freyberg na ƙasar Niyu Zilan sun tattara sakamakon hirarraki da yara masu yawa a littafinsu na 1985, inda suka nuna cewa irin wannan tunani yakan tsira ko bayan an koyar da darasin.

A shekarar 1987 aka fitar da wani ɗan gajeren fim mai suna A Private Universe, wanda Sadler yana cikin waɗanda suka shirya shi. A cikinsa an tambayi waɗanda suka kammala Jami'ar Harvard, a ranar bikin yaye su, dalilin da ya sa ake samun lokacin zafi da na sanyi. Yawancinsu suka ce duniya ce take matsowa kusa da rana a lokacin zafi. Dalilin gaskiya kuwa shi ne karkatar duniya da kimanin digiri 23.5, hasali ma a farkon watan Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, lokacin da arewacin duniya yake tsakiyar hunturu. Fim ɗin ya nuna cewa shekarun karatu da cin jarrabawa ba lalle ne su kawar da fahimtar da mutum ya taso da ita ba.

Matsalar hira ita ce cin lokaci, domin malami ba zai iya zama da kowane ɗalibi ba. Saboda haka aka nemi hanyar mayar da sakamakon hira ya zama gwajin takarda. Fitaccen misali shi ne gwajin da David Hestenes da Malcolm Wells da Gregg Swackhamer suka buga a 1992 a kan ƙarfi da motsi, wanda aka yi wa kwaskwarima a 1995 ya zama tambayoyi 30. A irin wannan gwaji, amsoshin kuskure ba malami ne yake ƙirƙirar su don cike gurbi ba. Kowace ɗaya magana ce da aka ji daga bakin ɗalibai.

3.0 Binciken Shekarar 2013

Sadler da abokan aikinsa na Cibiyar Nazarin Sararin Samaniya ta Harvard da Smithsonian sun yi aiki da malamai 181 da ɗalibansu 9,556 a makarantun da suka yi daidai da ƙaramar sakandare a tsarinmu. Gwajin ya ƙunshi tambayoyin kimiyya 20 a kan siffofin abubuwa da sauyawarsu, da ƙarfi da motsi, da kuma yadda makamashi yake tashi daga wani jiki zuwa wani. An ba ɗaliban gwajin a farkon shekara, aka kuma maimaita shi daga baya don a ga ƙaruwar da suka samu. Daga cikin tambayoyin, 12 suna da amsar ruɗi mai ƙarfi, wato amsar kuskure guda wadda aƙalla rabin waɗanda suka faɗi tambayar suka taru a kanta.

Alal misali, akwai tambaya a kan inda kakin kyandir yake tafiya bayan kyandir ya ƙone ƙurmus. Fiye da rabin ɗaliban sun zaɓi cewa duk kakin narkewa ya yi ya zuba a gindin kyandir. Gaskiyar magana ita ce kakin shi ne abin da yake ci da wuta, yana haɗuwa da iskar oksijin ya zama tururin ruwa da iskar kabon, waɗanda ido ba ya gani. Yaron da ya zaɓi amsar farko yana ganin lagwani ne kaɗai yake ƙonewa.

Sabon abin da binciken ya zo da shi shi ne cewa malaman ma sun amsa tambayoyin, an kuma nemi kowannensu ya yi hasashen amsar kuskuren da ɗalibansa za su fi zaɓa. Malaman sun fi iya kawo amsar daidai, nesa ba kusa ba, a kan gano kuskuren da ya fi jan ɗalibai. A tambayoyin da ba su da amsar ruɗi mai ƙarfi, sanin amsar daidai ya wadatar wajen ɗaga ɗalibai. A tambayoyin da suke da ita kuwa, ɗaliban malamin da ya san amsar daidai ya kuma san kuskuren da aka fi yi sun fi samun ƙaruwa a kan ɗaliban wanda ya san amsar daidai kawai.

4.0 Abubuwan Yabawa

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne yadda wannan hanya ta ba amsar kuskure daraja. A jarrabawar da muka saba da ita, ana ƙirga amsoshin daidai ne a zubar da saura. Idan aka ba da tambayoyi 20 masu zaɓi biyar biyar, ɗalibin da ya yi ta canka ba tare da karantawa ba zai iya samun kimanin maki 4. Amma a gwajin Sadler ana iya samun tambayar da waɗanda suka ci ta ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba, wato ƙasa da abin da canka zai bayar. Wannan alama ce cewa ɗaliban ba canka suke yi ba, akwai wata fahimta da suka yi imani da ita. Malamin da ya ga haka ya gano bakin zaren darasinsa na gobe.

Abu na biyu shi ne yadda binciken ya haɗa auna ɗalibi da auna malami a kan tambaya guda. An daɗe ana auna ingancin malami da takardar shaidarsa ko yawan shekarun aikinsa. Wannan bincike ya sauko zuwa batu ɗaya ɗaya, ya nuna cewa malamin da ya ƙware a kan lantarki ba dole ne ya san inda yara suke tuntuɓe a kan zafi ba. Wannan darasi ne ga kwalejojin ilimi da masu shirya bita, domin ya nuna cewa horo na gaba ɗaya a kan dabarun koyarwa ba ya maye gurbin sanin batun da kuma sanin tunanin yara a kansa.

Abu na uku shi ne sauƙin kuɗi. Gwajin ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje ko na'ura. Takarda da allo sun isa, wanda hakan ya dace da makarantun da aji guda yake cike maƙil da ɗalibai.

5.0 Wuraren Rauni

5.1 Iyakar Abin da Binciken ya Tabbatar

Malaman da suka shiga binciken su ne suka amsa gayyata da kansu, ba zaɓo su aka yi ta hanyar ƙuri'a ba. Akwai yiwuwar irin waɗannan malamai sun fi sauran himma tun asali. Bugu da ƙari, binciken ya nuna alaƙa ce tsakanin sanin malami da ƙaruwar ɗalibi, bai shiga aji ya ga abin da malamin ya yi da wannan sani ba. Saboda haka kuskure ne mai tsara manhaja ya ɗauka cewa da zarar an raba wa malamai jerin kurakuran yara, sakamako zai gyaru. Haka kuma tambayoyi 20 sun yi kaɗan su game dukkan abin da ake koyarwa a shekara, domin wani batun tambaya ɗaya ko biyu kawai zai samu.

5.2 Zaɓi ba ya Bayyana Dalili

Ɗalibi yana iya zaɓar amsar daidai bisa gurɓataccen dalili. A ɗauka an tambaya, tsakanin tsakuwa da ɓawon gyaɗa wanne zai nutse a ruwa? Yaro zai ce tsakuwa, a ba shi maki. Amma dalilinsa shi ne abu mai nauyi yake nutsewa, wanda zai rushe da zarar an kawo allura da gungumen icce, domin allura tana nutsewa, gungumen da ya ninka ta nauyi sau dubbai kuwa yana iyo. David Treagust na ƙasar Ostareliya ya kawo gyara a kan wannan tun a 1988, inda ya ba da shawarar tambaya mai hawa biyu: hawa na farko a zaɓi amsa, na biyu a zaɓi dalili, ba a kuma ba da maki sai an ci duka biyun. Idan kowane hawa yana da zaɓi huɗu, damar mai canka tana sauka daga 1 cikin 4 zuwa 1 cikin 16. Gwajin da ake sharhi a kansa hawa ɗaya gare shi, don haka wannan giɓi yana nan a buɗe.

5.3 Matsalar Harshe

Wannan shi ne raunin da ya fi shafar mu. Masu binciken sun saka wasu 'yan tambayoyi na karatu da lissafi a cikin gwajin, suka kuma lura cewa ɗaliban da suka yi rauni a waɗannan ba su sami ƙaruwa irin ta sauran ba. Idan haka ta faru a ƙasar da yawancin yara suke magana da Ingilishi a gida, to ina ga yaron da bai haɗu da Ingilishi ba sai a aji? Tambayar kyandir da aka ambata tana bukatar a karanta jimloli da dama masu kama da juna kafin a zaɓi ɗaya. Yaron da ya faɗi irin wannan tambaya, ba za a iya tantancewa ba ko kimiyyar ce bai gane ba ko Turancin.

A Nijeriya da Ingilishi ake rubuta jarrabawar kimiyya ta kammala ƙaramar sakandare. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke ta. Ko da wane harshe hukuma ta tsayar, yaron da ya tashi a gidan Hausa da Hausa yake fassara wa kansa abin da ya gani, kuma a nan ne fahimtarsa ta kimiyya take ginuwa.

Wani zai ce ai sai a fassara gwajin zuwa Hausa. A nan ma tsugune ba ta ƙare ba, domin kowane harshe yana da yadda ya yanka ma'anoni. Ga wasu misalai:

i. Nauyi. Kalmar tana ɗauke da ma'anoni uku da fiziks ya rarrabe. Akwai yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilogiram. Akwai ƙarfin da ƙasa take jan jikin da shi, wanda ake aunawa da niyuton. Buhu mai kilogiram 60 yana nan a 60 ko a duniyar wata, amma jan da ake yi masa zai sauka daga kimanin niyuton 588 zuwa 97. Ma'ana ta uku ita ce wadda ake nufi idan an ce ƙarfe ya fi icce nauyi, wato cunkoson abu a cikin girma iri ɗaya. Yaron da ya san cewa mudun gero ya fi mudun dusa nauyi ya riga ya riƙe wannan ma'ana ta uku, sai dai tambayar da aka fassara da kalmar nauyi kawai ba za ta nuna wacce yake nufi ba.

ii. Zafi. Ana cewa ruwan ya yi zafi, ana kuma cewa zafi ya shiga ɗaki. Na farko matsayi ne da ake karantawa a ma'auni, na biyu makamashi ne da yake tafiya. Domin a ɗaga lita 10 ta ruwa daga digiri 30 zuwa 40 ana bukatar kimanin kilojul 420, amma rubu'in lita daga digiri 30 zuwa 90 kilojul 63 kawai yake bukata. Idan aka tambayi yaro da Hausa wanne ya fi zafi, ya ce kofin, bai yi kuskure ba. Tambayar ce ta gaza.

iii. Narkewa. Ƙanƙara ta narke, man shanu ya narke, gishiri ma ya narke a miya. Biyun farko sauyawa ce daga daskararre zuwa ruwa saboda zafi, na ukun kuwa bazuwar ƙwayoyin abu ne a cikin wani abu daban.

iv. Wuta. Ita ce ta murhu, ita ce ta lantarki, ita ce kuma hasken ƙwai. Tunda yaro ya san wutar murhu tana cin icce ta mutu, da sauƙi ya ɗauka cewa ƙwan tocila yana shanye lantarkin da ya shigo masa, alhali abin da ya shiga ta waya ɗaya daidai yake da abin da ya fita ta ɗayar.

v. Maganaɗisu. An saba jin ana kiran jan da ƙasa take yi wa abubuwa da sunan maganaɗisun ƙasa. Wannan yana iya sa yaro ya haɗe abubuwa biyu mabambanta, domin maganaɗisu ba ya jan icce ko roba, ƙasa kuwa tana jan komai.

Ba a kawo waɗannan misalai don a nuna gazawar Hausa ba. Ingilishin yau da kullum ma ya cakuɗa nauyi da yawan abu, kuma Hausa tana da rabe-raben da za su taimaki malami, kamar tururi da hayaƙi da hazo da raɓa, ko ɗumi da zafi da ƙuna. Abin lura shi ne wuraren da harsunan biyu suke cakuɗa ma'ana ba ɗaya ba ne. Amsar ruɗin da aka samo daga yaran Amurka za ta kama wasu kurakuran yaranmu, ta kuma tsallake waɗanda suka samo asali daga harshensu da muhallinsu. An yi aikin samar da kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa, a shekarun 1980. Sai dai jerin kalmomi yana faɗin abin da masana suka tsayar ne, ba ya faɗin abin da yaro yake ji idan an furta kalmar.

6.0 Shawarwari

Daga bayanan da suka gabata, ana ba da waɗannan shawarwari:

i. A fara da hira kafin a rubuta tambaya. Malami ya zauna da 'yan ɗalibai kaɗan, masu ƙoƙari da masu rauni, ya yi musu tambaya a buɗe cikin harshen da suka fi sakewa da shi, ya rubuta amsarsu yadda suka faɗe ta. Daga nan ne za a ciro amsoshin ruɗi.

ii. A gina tambayoyi a kan abin da yaro ya sani. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Amsar ita ce ruwan da yake tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, kuma kowane giram da ya bushe yana tafiya da kimanin jul 2,400 na zafi. A kan wannan ƙa'ida ce Mohammed Bah Abba ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a Jihar Jigawa, wadda ta samo masa kyautar Rolex a shekarar 2000. Haka kuma ana iya tambayar dalilin da ya sa ƙofar ƙarfe ta fi ta katako sanyin taɓawa da safiyar hunturu, alhali ma'auni zai nuna su daidai.

iii. A riƙa neman dalili a kowace tambaya, ko ta hawa na biyu irin na Treagust, ko ta barin layi biyu da ɗalibi zai yi bayani. A gwajin cikin aji, a yarda ya yi bayanin da Hausa ko da zane.

iv. A yi amfani da dabarar da Richard White da Richard Gunstone suka bayyana a 1992, wato ɗalibi ya yi hasashe, ya gani da idonsa, sannan ya yi bayani. A haɗa kofin ruwa mai digiri 20 da kofi mai digiri 60. Wanda ya yi hasashen 80 zai ga 40 a ma'auni, gani kuwa ya kori ji.

v. A bitar malamai, a nemi kowane malami ya yi hasashen kuskuren ɗalibansa kafin ya duba takardunsu, sannan ya kwatanta.

vi. Kada a saka makin irin wannan gwaji a sakamakon zango. Idan yaro ya san za a hukunta shi, zai rubuta abin da yake zaton malami yana so, ya ɓoye abin da ya yi imani da shi.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta duba gwajin Sadler da binciken 2013 da aka gina a kansa. An ga cewa babbar gudummawarsa ita ce nuna cewa malamin kimiyya yana bukatar sani iri biyu, sanin amsar daidai da sanin kuskuren da ya fi jan ɗalibansa. An kuma ga rauninsa ta fuskar zaɓen malamai, da rashin neman dalili, da dogaro a kan iya karatun ɗalibi. Abin da ya kamata mu ara shi ne hanyar da aka bi aka gina tambayoyin, domin su tambayoyin kansu an yanka su ne daidai da wasu yara masu wani harshe. Aikin da ke gaban masu tsara manhaja da masana harshe da malaman kimiyya shi ne su haɗu su tattara yadda yara masu jin Hausa suke bayyana nauyi da zafi da narkewa da wuta, batu bayan batu, su mayar da shi tambayoyin da malamin ƙaramar sakandare zai iya rubutawa a allo ya gwada ajinsa kafin ya fara darasi.